Na Wajen Gwadabe

Talata, 8 ga Mayu, 1990. Bayan la'asar, Karaye.

Na iso. Kawu Gwadabe ya tarye ni a tasha, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce Turawan Ostireliya ba sa ba mutum abinci ne? Shi ya riƙe ni tun da aka yaye ni, shi ya sa ni makaranta, shi kuma ya buga mini wayar tangaraho cewa mahaifina Baffa ba lafiya, in zo. Na tambaye shi abin da ke damun Baffan, ya ce in ci abinci tukuna. Na tambayi matarsa, ita ma ta ce in ci abinci tukuna. Na ci. Har yanzu ba wanda ya gaya mini komai.

Rabin jakata takardun aiki ne. Farfesar da ke duba karatuna ta ce in taho da su ko zan sami sukuni. Ta kuma tuna mini, cikin ladabin nan nasu mai sanyi, cewa a tsakiyar Yuni aka ba ni darare a babban madubin hangen taurari. Shekara guda na yi ina bin layi. In ban koma ba a ba wani, ni kuma in koma ƙarshen layi.

Gobe ƙanena Barau zai zo da babur ya kai ni ruga.

Laraba, 9 ga Mayu. Magariba, Ruwan Bago.

Ban san ta inda zan fara ba.

Bari in fara da abin da kowa ya sani. Ni ne ɗan farin Baffa, shi kuwa Bafillace ne na gaske, kunyar ɗan fari a wurinsa ba abin wasa ba ce. Shekarata talatin da huɗu, bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa haɗa ido da ni ba. Ina tsugune a gabansa zai juya ga wanda ke kusa ya ce a tambayi na wajen Gwadabe ko ya zo lafiya. In amsa, a maimaita masa, sai ka ce muna gaban alƙali da tafinta. Barau kuwa har gemunsa yake ja yana yaro. Na sha ba Turawa wannan labari a wajen shan shayi, su yi ta mamaki ina dariya. Ba kullum dariyar take kai mini ciki ba.

Yau na same shi a kan buzu a gindin ɗorawa, hannunsa na hagu a kan cinya kamar ba nasa ba. Na cire takalmi daga nesa, na tsuguna, na sunkuyar da kai yadda na saba. Sai na ji ya ce, da Hausa, da fara'a:

"Malam, sannu da hanya. Tun jiya muke zuba ido. Ka taho da allurar?"

Na ɗaga kai. Ni yake kallo, tsakiyar idona, yana miƙo mini hannun dama. Goggo Hajo, ƙanwarsa, tana tsaye a bayansa, ta yi mini alama da ido in karɓa. Na karɓa. Ya riƙe hannuna ya daɗe yana tambayar gajiya da iyali da mutanen Kano.

Daga baya Goggo ta ja ni bayan bukka. Ta ce tun da ya faɗi a bakin rijiya kansa ya koma shekarar bushiya, annobar nan da ta kashe shanun ƙasar nan shekara bakwai da suka wuce. Kullum malamin dabbobi yake jira. Ya ga wando da tabarau da jaka, shi ke nan.

Ban san tafin hannunsa yana da kaushi haka ba. Ta ina zan sani?

Alhamis, 10 ga Mayu. Hantsi.

Ya sa an kawo mini kindirmo a sabuwar ƙwarya. Ya sake tambayar allura. Ban ce ni ne ba.

Juma'a, 11 ga Mayu. Bayan an sauko daga masallaci.

Kawu ya zo. A hanyarmu ta dawowa daga masallacin Rogo ya gaya mini abin da likita ya ce a Kano. Ba zan rubuta shi a nan ba. Abin da zan rubuta shi ne, Barau ya sayo kwanon rufi tun bara don ya gina wa Baffa ɗaki, Kawu ya ce masa ya dakata tukuna.

Na ce wa Goggo gobe zan gaya wa Baffa ni ne, ban ƙetaro teku don in zama malamin shanu ba. Ta ce, "Gaya masa mana, Bature, bakinka ne." Haka take kirana tun ina firamare. Ta ce Barau ya taɓa gaya masa shanun sun mutu tuntuni, ya yi kuka sabo fil kamar yau aka yi, da azahar ya manta ya sake tambaya. Ta ci gaba da wanke ƙorenta, can ta ƙara da cewa in kuma ya gane ni, ai na san abin da zai biyo baya.

Na sani. Zai ɗauke kai.

To me nake so ke nan? Ya san ni ya yi shiru, ko ya ɗauke ni baƙo ya yi ta hira? Na yi ta juya wannan har aka kira la'asar, ban kai ko'ina ba.

Lahadi, 13 ga Mayu. Sassafe.

Na baje takardu a tabarma na danne da duwatsu. Bari in rubuta matsalar da Hausa ko kaina zai warware, da Turanci dai ta ƙi.

Akwai wani curin taurari kusa da jan tauraron nan na ƙirjin jerin taurarin da ake kira Kunama, masana suna ce masa M4. Taurari dubbai ne a dunƙule wuri guda, haihuwar lokaci ɗaya daga gajimare ɗaya, dukansu tsofaffi tukuf. In tauraro ya fara gajiya sai ya kumbura ya yi ja. Waɗannan jajayen ƙattin nake aunawa. Ana tsaga haskensu kamar bakan gizo, a karanta layukan da ke ciki, su faɗi abin da ke saman tauraron.

Ni kabon nake bi, sinadarin nan na cikin gawayi. Iri biyu ne, marar nauyi da mai ɗan nauyi, kabon-12 da kabon-13. A nan duniya duk mai nauyi ɗaya akwai marasa nauyi kusan casa'in. Can ƙuryar tauraro inda wuta ke ci, ana ta mayar da marar nauyi mai nauyi har lissafin ya sauko wajen huɗu da ɗaya. Amma wannan a ƙurya ne. Littafi ya ce sau ɗaya tak saman tauraro ke nutsawa ya ɗebo ɗan abin ciki, lissafin sama ya sauko wajen talatin, daga nan ya janye ya bar shinge tsakanin sama da ƙurya, ba abin da ke ƙetarewa.

Taurarina sun ce huɗu. Wani biyar, wani shida, waɗanda suka fi haske huɗu. Abin da ya kamata ya zauna a ƙurya ga shi a fili. Ko dai wani abu yana juya cikinsu wanda littafi bai sani ba, ko haka aka haife su, ko kuma ni na yi shirme a kwamfuta. Ranar Litinin Farfesa takan karkata ga na farko, ranar Juma'a ga na uku.

Akuyar Goggo ta cinye gefen takardar tauraro na sha ɗaya. Dama shi na fi shakka.

Talata, 15 ga Mayu. Bayan azahar.

Ya faɗa.

Muna zaune Barau ya wuce da garke zai kai su rafi. Baffa ya bi su da ido, ya matso, ya rage murya kamar mai neman alfarma a ofis.

"Malam, na ji an ce allurar ba ta da yawa. In ka tashi, fara da na Halliru."

Na ce na wa?

"Halliru, babban ɗana. Waccan mai farar fuska da 'ya'yanta nasa ne. Ranar sunansa na ba shi kakarsu."

Na ji sunana a bakin malaman makaranta, da ma'aikatan filin jirgi, da Turawan da ke murɗe shi yadda suka ga dama. A bakinsa daban yake fita, yana ɗan jan tsakiyarsa kamar mai lallashi. Na ce to, Baffa. Sai na tuna, na gyara, na ce to, Malam Hammawa, yadda baƙi ke kiransa. Na tashi na zaga bayan shinge kamar mai neman wurin kama ruwa, na daɗe a can.

Ban ce ni ne ba.

Laraba, 16 ga Mayu. Hantsi.

Ya yi ta faɗin sunan yau. Na kama kaina ina ƙirgawa, na ji kunya na bari.

Alhamis, 17 ga Mayu. La'asar.

Ya ba malamin shanu labarin ɗansa. Wai ranar da aka kai yaron Karaye bai yi kuka ba, uban ne ya kasa cin tuwo har aka zaci masassara ce. Wai in ya zo hutu sai ya kwanta rigingine a tsakiyar garke yana kallon sama, uban yana tsaye daga nesa da sanda don kada a taka shi. Ni dai na tuna kwanciyar, ban san da mai sanda ba. Wai yanzu yana wata ƙasa da in muna rana suna dare, yana karatun taurari. Ba duba ba, ya jaddada har yana ɗaga yatsa, karatu.

A shekarar bushiya ina Zariya ina koyarwa, ban ma yi mafarkin tafiya ba. Shekarun sun cakuɗe masa, kowace ta shiga cikin 'yar'uwarta.

Ina jin kaina kamar ɓarawo. Mutumin nan ya yi duk tsawon rayuwata yana tsare maganar nan, ciwo ya ɓalle masa ƙofa, ni kuma na zauna ina kwasa da sunan wani. Da ya san wanda ke saurarensa, da ƙasa ta tsage ya shige ya fi masa sauƙi. Amma gobe ma zan je in zauna. Na san zan je.

Asabar, 19 ga Mayu. Hantsi, bayan ruwa.

An yi ruwan shuka. Barau ya ce har Falgore ya zuba, duk hanya mutane ne da sungumi da ƙwaryar iri.

Wata tambaya ta hana ni sakat. Maganar nan da yake yi, tana cikinsa tun da can, ko ciwon ne ya ƙaga ta? Na ga tsofaffin da ciwo ya sa su zagi alhali ba su taɓa zagin ko kaza ba. Wa ya ce ba zai iya sa mutum ƙauna ba?

A taurari akwai dabara. Sai ka auna 'yan'uwansu na cikin curin waɗanda ba su gama kumbura ba. In su ma sun ce huɗu, to haka aka haife su duka. In sun ce talatin, to girma ne ke tono abin ciki ya kawo shi sama. Aikin dararen Yuni ke nan. Baffa kuwa ba ni da wani na baya da zan auna.

Kuma ba na son wannan kwatancen. Ubana ba tauraro ba ne, tsoho ne da ba ya iya ɗaura zariyar wandonsa. Na rufe takardun.

Litinin, 21 ga Mayu. Sassafe.

Na sami Goggo tana kaɗa nono, na tambaye ta kai tsaye. Ba ta daina kaɗawa ba. Ta ce malamin ya zo da gaske a shekarar, da 'yar allurar da ba za ta ishi rabin ruga ba. Baffa ya tsaya a kansa sai da ya fara da zuriyar saniyata. Kafin a kai ga nasa ta ƙare. Nasa suka yi ta faɗuwa har ungulu suka ƙoshi suka kasa tashi. Garken da nake gani yanzu, yawancinsa daga nawa ya fito.

Ta kai ni wajen mai farar fuskar, Wule sunanta, ta tsufa har ƙugunta ya fito. Ta kama kunnenta ta nuna mini hudar da malaman allura ke yi don shaida.

Na ce me ya sa ba wanda ya gaya mini? Ta dube ni kamar na tambayi dalilin da ya sa nono yake fari. Ta ce, "Wa zai gaya maka? Shi?"

Barau yana gefe yana kwance maraƙi. Ya ce shekara bakwai yana kiwon shanun Yaya, ko goro bai gani ba. Da dariya ya faɗa, amma bai ɗago ba. Shi ya yi wahalar, shi ke juya Baffa a shimfiɗa, shi ke wanke shi, kuma yana ji kullum ana kiran Halliru. Na kama masa igiyar, na kuma kama ta ba daidai ba.

Laraba, 23 ga Mayu. La'asar sakaliya.

Ya tambayi malamin shanu, tunda shi ma ɗan boko ne, ko ya san takamaiman abin da Halliru ke yi a can. Mutane suna tambayarsa a kasuwa yana rasa amsa.

Na yi wa Turawa bayanin aikina a zauren taro ban sha wahala ba. Yau na sha. Na ce masa ya ɗauka tukunyar kunu ce a kan murhu, an rufe, ba mai taɓa ta. Ƙasa ya kama ya yi ƙauri. In ba a juya ba, na sama ba ruwansa, ɗanɗanonsa na nan. To ɗansa ya ɗanɗana saman waɗansu tsofaffin taurari ya ji ƙaurin ƙasa, alhali an ce ba ludayi a ciki. Abin da ke juya tukunyar yake nema. Waɗansu na cewa jujjuyawar da tauraron ke yi ce a kan kansa, shi dai bai tabbatar ba.

Ya lumshe ido har na ɗauka barci ya kwashe shi. Can ya ce, "Kuma gwamnati ta san wannan ne aikin?"

Na ce ta sani. Ya yi dariya har da tari. Ya ce to madalla, yaron dai ba ya barin abu rabi, in ya zo hutu ya kama warware igiya sai ya ga ƙarshenta ko za a yi ta kiransa cin abinci.

Ban ce ni ne ba. Yau ma ko niyya ban yi ba.

Juma'a, 25 ga Mayu. Azahar.

Bai san kowa ba. Ba malamin shanu, ba Barau. Fillanci zalla yake yi, da Inna mahaifiyarmu, ita kuwa ta daɗe a ƙasa.

Asabar, 26 ga Mayu. Azahar.

Haka dai.

Lahadi, 27 ga Mayu. Magariba.

Haka dai. Ya ɗan sha kunu. Goggo ta aika a gaya wa dangi na Yola ta Karaye su leƙo. Ban tambaye ta dalili ba.

Kunama ta fito ta gabas kafin a gama sallame sallah. Na san daidai inda curin yake, ido ba ya ganinsa. Na shiga ciki.

Talata, 29 ga Mayu. Bayan la'asar, Karaye.

Na je Kano na buga waya. Farfesa ta ce wani abokin aikinta ya sake lissafin ta wata hanya dabam, huɗu ya samu. Ba shirmena ba ne. Shekara biyu ina jiran jin wannan, da na ji sai na tsaya ina kallon wani ƙuda a jikin gilashin ɗakin waya. Ta tambayi jikin mahaifina, na ce yana yawan magana. Ta ce ai alama ce mai kyau. Ta ce tana bukatar amsa a kan dararen nan, in ba zan zo ba ta sanar da masu madubi. Na ce zan zo. Kafin in ajiye na ce ban sani ba. Ta ce wanne za ta ɗauka? Layin ya yanke, ko ni na yanke shi, wallahi ban tuna ba.

Manyan motocin aikin dam sun cika hanyar Karaye da taɓo. Kawu ya ce in ci abinci.

Alhamis, 31 ga Mayu. Hantsi, Ruwan Bago.

Ya farfaɗo, malamin shanu ya koma bakin aiki. Na ce yau ko me zai faru sai na faɗa. In tafiya zan yi, ba zan tafi a matsayin baƙo ba. In kuma abin da likita ya ce ne zai riga, to ya same shi ya san ɗansa ya zo.

Na cire tabarau, na ari riga da malfar Barau, na tsuguna daga nesa inda na saba tsugunawa tun ina yaro. Na ce, "Baffa, ni ne Halliru."

Ya dube ni da murna. "Ashe kai ma sunanka ke nan? Allah ya yi albarka. Nawa yana ƙasar Turawa."

Sannan ya tambayi abin da ya sami tabarauna, ya ce in matso, me nake yi can nesa kamar mai laifi. Na matso. Goggo ta juya baya tana gyaran wutar da ba abin da ya same ta.

Asabar, 2 ga Yuni. Hantsi.

Labari ya bazu cewa malamin dabbobi ya sauka a rugar Hammawa. Wani Audu daga wajen Falgore ya taho da maraƙi mai zawo. Na buɗe baki in ce masa kuskure ne, sai na ga Baffa yana kallona yana jiran aiki. Na duba harshen maraƙin, na duba idonsa, na gyaɗa kai, na ce a kai shi Rogo. Baffa ya ce wa Audu ai malamin nan ya san aikinsa. Barau ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, rabon da in ji dariyarsa ta gaskiya tun zuwana.

Ɗazu Goggo ta kira ni Halliru ban waiwaya ba, sai da ta ce Malam.

Litinin, 4 ga Yuni. Bayan azahar.

Na yanke shawara zan zauna. Na haɗa kaya, na kwance, na sake haɗawa, sannan na yanke. Taurarin nan sun yi shekaru dubbai suna jira, ba inda za su. Na aika wa Kawu, ya aiko cewa shi riƙo ya yi, ba haihuwa ba, ba shi da ta cewa. Barau ya ce in zan zauna in koyi ɗaurin maraƙi.

Ban buga wa Farfesa waya ba tukuna. Gobe. Ko jibi.

Laraba, 6 ga Yuni. Rana na fitowa.



Goggo ta ce da asuba shi da kansa ya nemi ruwan alwala. Ya tambayi Barau ko gero ya tsiro, ya san Inna ta rasu, ya san wace shekara muke. Ni ban ji wannan ba sai daga baya. Na shiga bukkar da sallama, da tabarauna da komai, na ce Malam Hammawa an tashi lafiya, na miƙa masa hannu yadda muka saba.

Ya dube ni, kallo ɗaya, gajere. Sai ya sauke ido kan buzu, ya juya fuskarsa ga jikin bukka a hankali, da ƙyar, don wuyan ba ya juyuwa sosai. Hannuna na nan a miƙe. Na janye shi, na ja da baya, na cire takalmin da na shigo da shi har gabansa, na tsuguna a bakin ƙofa.

Ya yi magana da Fillanci, da Goggo, ba da ni ba. Fillancina gurgu ne amma na ji. Duk da haka ta maimaita mini da Hausa yadda aka saba.

"Ya ce a tambayi na wajen Gwadabe ko ya zo lafiya."

Na ce lafiya lau. Ta mayar masa. Sannan ya ƙara.

"Ya ce a gaya wa na wajen Gwadabe ya koma. Ya baro tukunya a kan wuta."

Ban taɓa yi wa kowa maganar tukunya ba, a nan ko a can, sai shi, ranar da nake malamin shanu.

Laraba dai. La'asar.

Ya san ni tun ranar farko ne ya fake da malamin? Ko yau ne guntayen suka haɗu masa, ya gane wa ya yi wa duk hirar nan? In haka ne, da wace irin kunya yake kwance yanzu? Na tambayi Goggo. Ta ce ita nono take sayarwa.

Na zauna a gindin ɗorawa inda muke hira. Ba a kawo kindirmo a sabuwar ƙwarya ba, an kawo mini a tsohon kwanon da nake sha in na zo hutu. Ina kewar malamin shanu, Allah ya sani ina kewarsa.

Juma'a, 8 ga Yuni. Hantsi, tashar Karaye.

Na yi sallama da sassafe. Barau ya ɗaure jakata a babur, ya ce in gaishe da tukunya, shanuna kuma in na dawo zan same su da ƙari. Goggo ta cusa mini man shanu a gwangwani duk da na ce ba za a bar ni in shiga jirgi da shi ba. Kwanon rufin yana nan jingine a bayan bukka.

Baffa yana kwance, fuskarsa ga jikin bukka, carbi a hannun dama. Hankalinsa na nan tun shekaranjiya. Na tsuguna a bakin ƙofa na ce wa Goggo ta gaya masa zan tafi. Ya ce ta gaya wa na wajen Gwadabe Allah ya kiyaye hanya. Na san abin da likita ya ce, ina jin shi ma ya sani.

Ban tashi ba. Na zauna a tsugune har ƙafafuna suka mutu, Barau na ta murza babur a waje. Ina roƙon Allah ya waiwayo ko sau ɗaya, ina kuma roƙon Allah kada ya waiwayo, don in ya waiwayo da fara'a, malamin shanu zai yi wa.

Bai waiwayo ba. Ubana ya san ni.